Kishin Mai Awon Ruwa

Ranar Lahadin da ta wuce, a falona a unguwar Lewisham da ke London, mijin 'yata Bilki ya faɗi wata magana da har yanzu take min ƙaiƙayi a kunne. Nura sunansa, yaron kirki ne, aikin kwamfuta yake yi. Muna cin tuwo da shi da abokansa, sai ɗaya ya tambaye ni irin aikin da na yi kafin in yi ritaya. Kafin in haɗiye lomar da ke bakina Nura ya amsa min. Ya ce, "Ai Baba rafi yake aunawa. Yanzu kuma an daina wannan wahalar, na'urar sensor kawai ake sakawa a ruwan, kana kwance a gado app ya gaya maka komai." Duk suka gyaɗa kai, wai sun gane.

Suruki ne, ba a yi masa tsawa a gaban abokansa. Na haɗiye tuwon da maganar tare. Amma ga amsarku nan, kai Nura da sauran masu app, ku karanta a wayar da kuke taƙama da ita.

Wani abu kuma ya ƙara ɗaure min baki a ranar. A cikin wayata akwai wani bidiyo na rafin garinmu da aka turo min tun farkon mako, na kasa buɗewa. Ko akwai ruwa a cikin rafin, ko yashi ne zalla, ban sani ba. Wanda ya turo shi kuwa Bulus ne, mutumin da na yi rabin rayuwata ina kishinsa. Kun ji na faɗa da bakina, ba sai an koma gefe ana raɗa ba.

Aikin ruwa na farko da na gani a lambun mahaifinmu ne, a ƙauyenmu da ke gindin duwatsun kudancin Bauchi. Rafin Tsirya muke kiransa, daga saman dutse yake gangarowa, ko da tsakar rani haƙoranka sai sun amsa idan ka kurɓa. Da kaka ta wuce kowane mai lambu zai tare rafin da duwatsu da laka, ruwa ya taru ya shiga kwalbatinsa. Amma duk wanda ya yi madatsa dole ya bar rata a tsakiya, faɗin bakin fartanya. Ƙofar kifi ake ce mata. Sarkin ruwa yakan biyo rafin da fartanyarsa a kafaɗa, ya zura ta a kowace ƙofa. Idan ta shige, ya yi maka sannu da aiki. Idan ta maƙale, ya sa ƙafa ya rushe madatsar, ko ta ɗan wane ce. Ta wannan 'yar ƙofar matan ƙasan gari suke samun na girki, shanu su sha, kifi ya kai damina.

Karatun aikin ruwa ne ya kawo ni London, zama kuma ya kama ni. Na samu wani ƙaramin kamfani da ake haya don awon rafuka, aka haɗa ni da wani tsohon Bature, Oga Denis. Ranar farko na ɗauka mota za mu shiga mu nufi daji. Ina! Ƙoramar da ta ratsa bayan kasuwar Lewisham ya kai ni, inda kuke wucewa kullum ba ku ma san da ita ba. Ya miƙo min wandon roba mai kaiwa ƙirji, ya ce in shiga. Kekunan kanti da aka jefar, kwalabe, takalmi wari guda, ga sanyin da ke ratsa roba har ɓargo. Ya ja tef daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya ba ni sandar awo, sandar ƙarfe ce mai 'yar farfela a jiki. Kana tsayawa a kowace alama ta tef ɗin, ka auna zurfi, ka saukar da farfelar ta ɗan wuce rabin ruwan, sannan ka saurari juyinta a kunne, ƙas, ƙas, ƙas. Na gama ina haki ina jin na yi abin kai. Ya duba abin da na samu, ya ce, "Ƙafafunka ka auna, ba rafi ba." Ashe na tsaya a gaban farfelar na tare mata ruwa. A bayanta ake tsayawa, a ɗan karkace, kamar mai bin liman shi kaɗai. Sai da na koma tun daga farko, yatsuna ba sa ma jin sandar.

A wannan ƙoramar na fara ganin Bulus. Shi ma sabon ɗauka ne, mutumin Filato, Kirista, ɗan cikin duwatsu kamar ni. Hannunsa a awo bai kai nawa ba, wannan ko shi ba zai musa ba. Yakan manta batir, yakan bar tef ya yi ciki. Amma Allah ya ba shi baki. Kafin mu cire wandon roba ya san sunan mai sayar da kifi a kasuwa, ya san matar Oga Denis na fama da ƙugu. Ni kuwa sai a yi wata ban san ko Ogan yana da mata ba.

Hausar Filato ce a bakinsa, ƙa ba ta fita, irin ta 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Idan mun daɗe a rana sai ya miƙo min gorar ruwa ya ce, "Sale, kishi zai kashe ka, sha ruwa." Nakan ce masa ƙishi ake cewa, kishi daban. Sai ya yi dariya ya ce, "To ai shi na faɗa." Da farko gyara nake yi masa tsakani da Allah. Daga baya na lura ba ya faɗin haka sai ranar da aka yabe shi a ofis, ko ranar da wani manomi ya ba shi ƙwai ni ya hana ni ko kallo. Har yau ban san wanne yake nufi ba, kuma ban taɓa kama shi yana murmushin da zai tona shi ba.

Bari in gaya muku abin da ake aunawar, tunda kun ɗauka ruwa ne kawai. A ƙasar nan ba ka ɗibar ruwa mai yawa a rafi sai da lasin. Sababbin lasin suna zuwa da sharaɗi: idan ruwa ya yi ƙasa ya kai wani mizani, ka cire hannunka, abin da ya rage na rafin ne. Ranar da Oga Denis ya yi min wannan bayanin na ce a raina, ai ƙofar kifi ce, sai dai su a takarda suka sa tasu. Aikinmu shi ne gano inda mizanin ya kamata ya tsaya. Ka sa shi sama, ka kashe manomi. Ka sa shi ƙasa, ka kashe rafi. Babu wanda zai gode maka, domin kowa so yake sandarka ta yi masa ƙarya. Mai neman lasin yana so ka zo bayan an yi ruwan sama. 'Yan ƙungiyar kamun kifi suna so ka zo ranar da duwatsu suka fito. Wani mai son kafa injin lantarki a kan rafi ya taɓa yi mana booking a otal mai kyau, da abinci da komai, da ya ga sakamakon sai aka yi cancel ɗin daren na biyu, muka kwana a mota.

Rafin da na fi sani a duniya, bayan Tsirya, yana cikin duwatsun Wales. Sunansa na can ya fi ƙarfin harshena, ni da Bulus Rafin Tumaki muke ce masa. Wata ƙungiyar masu kamun kifi ce ta ɗauke mu haya, don duk bazara ƙasan rafin yana bushewa. A irin wannan rafin farfela ba ta aiki, ruwan tsalle yake yi tsakanin duwatsu, nan kumfa, can rami. Da gishiri ake auna shi. Ka auna gishirin girki a sikeli, ka narka a bokiti, mutum ɗaya ya hau sama ya juye, ɗaya ya tsaya ƙasa da na'urar da ke jin ɗanɗanonsa. Idan ruwa na da yawa gishirin zai iso a tsinke, idan kaɗan ne zai iso da kauri. Kun ji kamar wasa ko? To sai ka san inda za ka juye da inda za ka tsaya. Ka matso kusa, gishirin bai gauraya ba. Ka yi nisa, wani kududdufi ya riƙe maka rabi. Ni nake ɗaukar buhun gishirin a baya in hau gangaren, cikin ƙanƙara da cikin ƙudan da ke cizo kamar barkono. Bulus yana ƙasa riƙe da na'ura yana hira da makiyaya.

Shekaru na yi ina hawa wannan gangaren kafin in yarda na san rafin. Akwai wani baƙin dutse a bakin wani gurbi mai zurfi, inda kifi ke taruwa idan ruwa ya ja. Na gano cewa muddin ruwa ya rufe wani wuri a jikin dutsen, rafin yana gudu har ƙasa, ba ya yankewa. Da ya sauka daga nan, sai gurabe su rabu, kowanne ya zama tarko. Na kawo kurfi da guduma daga London, na durƙusa cikin ruwa na sassaƙa tsaga a daidai wurin. Har yanzu akwai tabon a babban yatsana na hagu, inda gudumar ta kuskure. Mun sa na'ura a wurin daga baya, irin wadda Nura yake magana. Ambaliya ta tafi da ta farko, tunkiya ta tauna wayar ta biyu. Tsagar tana nan.

Sama da dutsen nan akwai gonar wata tsohuwa, Megan, mai shanun madara. Ita ce matsalar, kuma ba laifinta ba ne. Lasinta tsohon yayi ne, tun na kakan mijinta, babu sharaɗin cire hannu a cikinsa. Tana da ƙofar ƙarfe a bakin rafin, idan ta ɗaga sai ruwa ya bi kwalbati ya shiga gonarta. Ko ta kwashe rafin kaf, a lokacin babu mai ce mata don me. Sai dai in ita ta yarda da kanta ta sallama wa rafin wani kaso.

Sai ga muguwar shekara. Ku da kuke nan za ku tuna bazarar da ciyawar filayen London ta koma kamar tabarma, aka hana ban-ruwa da tiyo. Na isa Rafin Tumaki na tarar tsagata a fili, a bushe, da tazarar tafin hannu tsakaninta da ruwa. A gurbin kifaye sun taru suna buɗe baki a sama. Na hau gonar Megan da zafina, wandon roba a jikina yana ɗiga. Na gaya mata nawa ke shigowa daga dutse, nawa take ɗauka, nawa ke saura. Ko kuskure ɗaya babu a cikin abin da na faɗa. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Shanuna ba sa shan lissafi." Ta rufe ƙofa. Karenta ya raka ni har bakin titi, ba rakiyar arziki ba.

Oga Denis ya ce Bulus ya gwada. Na ce me zai faɗa mata da ban faɗa ba? Ashe ba abin da zai faɗa. Ya je ya tarar tana fama da kwashe kashin shanu ita kaɗai, ya ɗauki shebur. Washegari ya koma ya gyara mata ƙyauren da ya karye. Ya sha shayinta, ya ci burodinta, ya ba ta labarin shanun kakarsa. Ni ina ƙasa ina kwashe kifi da bokiti daga ƙananan gurabe ina kai su babba, shi yana sama yana shan shayi! A cikin hirar ta gaya masa a wannan gurbin marigayi mijinta ya koya wa ɗansu kamun kifi, kuma tun da ya rasu ba ta sake sauka wurin ba. Bulus ya bari sai da zai tafi. Ya ce gwiwarsa na ciwo, ko za ta nuna masa hanya mai sauƙi zuwa gurbin?

Ina cikin ruwa da bokitina suka iso. Ta tsaya ta daɗe tana kallon kifin nan. Ko kallona ba ta yi ba. Ta juya ta ce wa Bulus, "Paul, har ina ruwan ya kamata ya kai?" Haka take kiransa. Ya nuna mata tsagata da yatsa, ya ce, "Nan." Ta hau da kanta ta sauke ƙofar ƙarfen. Kafin la'asar na ji rafin ya canza murya, ruwa ya fara lasar gindin tsagar.

Kada ku ɗauka a banza ta yi. Ciyawarta ta ƙone a bazarar nan, sai da ta sayar da wasu daga cikin shanun da ta raina da hannunta. Ranar da mota ta zo ɗaukarsu Bulus yana wurin, shi ya riƙe mata ƙyaure. Da kaka lauyoyi suka zauna aka gyara lasin, aka sa sharaɗin a ciki har abada: duk ranar da tsagar ta fito, a rufe ƙofa. Da suka tambaye ta yadda za a kira wurin a takarda, sai ta ce, "Dutsen Paul." Haka aka rubuta. Haka 'yan ƙungiyar kamun kifi suka sa a ɗan allon da suka kafa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Muka kamo hanyar London a mota. Bulus ya miƙo min gora ya ce, "Sale, kishi na damunka, sha."

Ko da Oga Denis zai yi ritaya, sandarsa ta awo, wadda hannunsa ya cinye mata fenti, sai ya ba wa Bulus. Ni aka ba ni kofin shayi mai hoton agwagwa. Yana nan a kicin, Bilki na zuba cokula a ciki.

Amma kishin da ya fi ci min rai ba na Bulus ba ne. A waccan muguwar shekarar dai aka kira ni daga gida aka ce Tsirya ta yanke. Tsirya, da ko kakanninmu ba su taɓa ganin ƙasanta ba! Injin ban-ruwa ne ya shigo gari. Inji ba ya buƙatar madatsa, tiyo kawai za ka jefa a gurbi, to ina sarkin ruwa zai zura fartanyarsa? Ƙofar kifi ta mutu ba tare da kowa ya karya doka ba. Wanda kuma lambunsa ya fi na kowa kusa da dutse, mai injin da ya fi na kowa ƙarfi, yayana ne, Yaya Haruna, uwa ɗaya uba ɗaya. Matan ƙasan gari sun koma tonon yashi. Sai in tsaya a bakin Rafin Tumaki ina kallonsa yana gudu da lauyansa da takardarsa. Kifin Wales yana da haƙƙi a rubuce, ƙannen mahaifiyata suna kankare laka da ƙoƙo. Wallahi na yi kishin rafin nan kamar mutum.

Na ɗauki hutu na tafi gida da sandata da kurfina. Na bi Tsirya daga sama har ƙasa, na samu dutsen da mahaifinmu yake wanke fartanya a kai, na auna, na sake aunawa, na yi tsaga a jikinsa. Bayan sallar Juma'a, a gaban dattawa, na gaya wa Yaya Haruna nawa injinsa yake zuƙa, nawa yake bari. Ya bari na gama. Ya ce, "Sale, ruwan Allah ka zo aunawa da sanda? Albasar nan da kake gani ita ta biya kuɗin jirginka na farko. Ka koma inda ka fito ka auna musu nasu." Mutane suka sunkuyar da kai. Har gobe ni ke da gaskiya, ko a gaban alƙali. Amma na dawo London, Tsirya na nan a bushe, gaisuwar Sallah ma sai ta bakin matanmu.

Shekaru suka shuɗe a haka. Bulus ya yi ritaya ya koma gida, ya gina ɗan gidansa a wajen Jos. Ni gwiwoyina suka gama, ruwan sanyi ya karɓi haƙƙinsa, asibitin Camberwell ya zama min wurin zuwa. Bara aka gaya min mutanen ƙasan gari sun fara kwashe iyalansu, har an yi faɗa da sanduna a bakin wani gurbi.

A duk aikin da na yi a rayuwata babu wanda ya kai wannan kiran waya wuya. Na gwammace in shiga ruwan ƙanƙara ba wandon roba. Na ɗaga wayar na ajiye, na ɗaga na ajiye. Da ya ɗauka ya ce, "A'a, Sale! Wa ya mutu?" Na ce ba wanda ya mutu tukuna. Na gaya masa komai, na kwatanta masa dutsen, na ce tsagar tana gefen da ke kallon gabas. Na ce, "Awon na gama shi tuntuni. Abin da ya rage irin naka ne." Ya ce, "Yayan naka me yake so a duniya?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Haba Sale. Yayanka fa." Na ce ka ji ni da mutum, in za ka je ka je.

Ya je. Labari ya riƙa iso min guntu-guntu. Wai wani Kirista daga Jos ya sauka a gidan Yaya Haruna, ya ce shi abokin aikin ƙaninsa ne, ya zo koyon noman albasa. Wai yana kwana a zaure. Wai ya gyara wa Yaya inji. Inji fa! Abin da na aike shi ya kashe, shi ya zauna yana wanke wa filogi. Ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya, ya sake dawowa. An gan shi da Yaya a gidan tsohon sarkin ruwa. An gan su sun sauka ƙasan gari, inda wata gwaggonmu da ta goyi Yaya tana cikin rami tana jiran ruwa ya tsatso. Daga nan aka ce dattawa sun zauna a ƙofar mai unguwa, masu inji sun yi alkawari a gaban liman: idan tsaga ta fito kowa ya kashe, a koma ban-ruwa bi da bi. Na ce alkawari a damina ba wuya, bari rani ya tsananta mu gani.

Rani ya tsananta, bidiyo ya iso. Shi ne wanda na ce muku na kasa buɗewa. Idan yashi ne, Tsirya ta tafi ke nan, don bayan Bulus ba ni da wani da zan aika. Idan kuma ruwa ne, to Bulus ya sake yi min fintinkau. Ina roƙon Allah ya sa ruwa ne, ina kuma jin haushin roƙon da nake yi.

Bayan baƙin sun tafi a ranar Lahadin, Bilki ta ga ina ta juya wayar a hannu. Ta karɓa ba ta tambaye ni ba, ta danna, ta jingina ta da kwanon miya. Nura ya matso.

Ƙara na fara ji kafin in ga komai. Na san muryar Tsirya ko a cikin barci. Ba ruwa mai yawa ba ne, bai fi ya rufe idon sawu ba, amma yana tafiya, bai yanke ba. Ga dutsen mahaifinmu, ruwa ya rufe tsagar da kamar yatsa guda. Ga tiyon Yaya Haruna a naɗe a kan gaɓa. Ga shi kansa a tsaye, ya tsufa, gemu fari fat, yana kallon gefe kamar ba da shi ake ba. Wata mata ta wuce da tulu, mai ɗaukar hoton ya tambaye ta daga ina, ta ce, "Daga Dutsen Bulus."

Nura ya ce, "Baba, wane ne Bulus?"

Sai ga shi ya shigo hoton, ya naɗe ƙafar wando, sandar Oga Denis a hannunsa yana dogarawa. Ya sunkuya ya kamfato ruwa a ƙoƙo, ya miƙa wa Yaya Haruna. Yaya ya karɓa, ya kalli wayar kai tsaye, ya ce, "Sale, ka zo gida." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bulus ya karɓi ƙoƙon ya sake cikawa, ya ɗago shi saitin fuskata har ruwan yana zuba ta gefe. Ya ce, "Mutumina, ga maganin kishinka."

Na sa Bilki ta mayar da wurin baya, na kasa kunne sosai ko zan ji ƙa ta fito. Ba ta fito ba. Fuskarsa kuma ko gezau.

To Nura, ka ji aikin. Sensor ɗinka zai gaya maka ruwa ya sauka, ni ma sandata ta gaya min. Ka nemo min app ɗin da zai sa mutum ya kashe injinsa albasarsa na kallonsa, sannan ka zo mu yi magana. Kafin nan ka yi min booking ɗin jirgi, tunda ka iya. Zan je in sha ruwan nan a ƙoƙo, in gaishe da yayana. Ɗaya daga cikin biyun da Bulus yake nufi zai warke a ranar. Ɗayan kuwa, zan sa kurfina a jaka, don akwai sauran wuri a jikin dutsen nan da zai ɗauki harafi huɗu na sunana.